Kafin ka ɗauki iskela: yadda ake duba mutum a tsara masa kulawar haƙorin da ta dace da shi

Wannan rubutun na ƙannena ne da ke karatun kula da lafiyar baki da haƙori, da waɗanda suka fito fostin, da ma waɗanda suka fara aiki aka bar musu kujera su kaɗai. Abin da ke damuna shi ne yadda wankin haƙori ya koma abu ɗaya ga kowa, mutum ya shigo ya ce wanki ya zo, a ce masa hau kujera, a kunna iskela, wato na'urar kankare dattin haƙori, a kankare a goge a ce ya kuskure baki ya tafi, ko sunan maganin da yake sha ba a tambaya ba. Alhali yarinya 'yar shekara 19 da dasashinta ke jini saboda ba ta iya riƙe buroshi ba, da dattijo mai ciwon suga da haƙoransa suka fara girgiɗi, ba abu ɗaya suke buƙata ba ko kusa. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya gwada mai kayan. Toh ga yadda ake bi, daga shigowa har fita.

Mataki na farko, hira, kuma a zaune

Kar ka fara tambaya bayan ka kwantar da kujera, mutum na kwance fitila a idonsa kai kuma fuskarka a rufe, ba abin da zai gaya maka sai eh da a'a. Ku zauna kuna kallon juna, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce "Baba me ke tafe da ku?" ko "Hajiya me ya fi damunku a bakin?" ka yi shiru ka bar ta ta gama. Abin da ta faɗa ka rubuta shi da kalmominta, in ta ce warin baki ne ya sa maigida ya yi mata magana, toh shi ne damuwarta, kuma da shi za ka jawo hankalinta zuwa duk abin da za ka koya mata daga baya. In ciwo ne ka bi shi: tun yaushe, a ina, ruwan sanyi ke tada shi ko mai zafi, yana wucewa nan take ko yana daɗewa yana zogi, yana hana barci, me aka sa masa. Wannan ta ƙarshen kar ka tsallake ta, mutanenmu na cusa abubuwa da yawa a kogon haƙori, kanumfari, ƙwayar asfirin, har da ruwan batir, kuma farin tabon ƙuna da za ka gani a dasashi daga nan yake.

Mataki na biyu, lafiyar jiki gaba ɗaya

Nan ne nake so ku daɗe. In ka ce "kuna da wani ciwo?" kusan kowa cewa zai yi lafiya lau, don a wurinsa hawan jinin da yake shan magani a kai ba ciwo ba ne tunda yana yawonsa. Sai ka kira su ɗaya bayan ɗaya: hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, sikila, farfaɗiya, asma, ciwon hanta, tarin fuka, ciwon ƙoda, ko jini na daɗewa bai tsaya ba in an yanke, ko akwai maganin da ke sa ƙaiƙayi ko kumburi. Mace kuma ka tambaye ta cikin ladabi ko akwai juna biyu, wata nawa. Sannan ka ce a nuna maka maganin, kwalin ko ledar kyamis ɗin, in an baro a gida a kira waya a karanto, har na gargajiya da ake jiƙawa ka rubuta.

Me ya sa? Saboda kowanne yana canza abin da za ka yi. Amlodipine da nifedipine da ake ba masu hawan jini, da phenytoin na farfaɗiya, da cyclosporin mai rage ƙarfin garkuwar jiki, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori, in ba ka san mutum na shan su ba za ka yi ta wanki yana dawowa da kumburi kana ganin shi ne ba ya goge baki. Kai ba za ka ce ya daina sha ba, rubuta wa likitansa za ka yi ya duba ko da wanda zai musanya. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, sai ka ga sakamakon INR (gwajin saurin daskarewar jini) na kwana-kwanan nan kafin ka shiga ƙarƙashin dasashi, in ya kai 4 a dakata a koma wurin likita. Wanda aka sa wa bawul na roba a zuciya ko ya taɓa ciwon ƙwayoyin cuta a cikin zuciya, kar ka ko sa furob, siririn ƙarfen da ake auna dasashi da shi, sai likita ya yanke hukunci kan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aiki. Mai sikila ka ba shi lokacin safe, aiki gajere, ya sha ruwa sosai, kar ka taɓa shi yana cikin ciwo ko zazzaɓi. Mai tarin fuka da bai yi nisa da magani ba a ɗage wankin, musamman da iskela mai feshin ruwa, don feshin nan ɗakin gaba ɗaya yake cikawa. Mai ciki ana mata wanki lafiya, wata na 4 zuwa na 6 ya fi mata sauƙi, in cikin ya tsufa kar ka shimfiɗe ta rigingine, ka ɗan karkata ta hagu. Kuma ka gaya mata jinin dasashi a lokacin ciki abu ne sananne, ba dalilin ajiye buroshi ba ne.

Ka auna hawan jinin kowane babba da kanka, ko ya ce jiya aka auna. In ka ga 180 bisa 110 ko sama, ka bar shi ya huta minti biyar ka sake, in bai sauka ba yau babu wanki, ka tura shi wurin likita a ranar. Mai suga ka tambaya ya karya kafin ya fito, ya sha maganinsa, yaushe rabonsa da gwaji. In da azumi ne kuma yana kan insulin ko ƙwayar da ke sauke suga, ka yi hattara da la'asar, ka kuma ajiye abu mai zaƙi a kusa. Ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi, sugan da ya hau yana lalata dasashi, dasashin da ke ruruwa yana hana suga daidaita, don haka in ka ga mai shekara 40 da ƙuraje masu mugunya a dasashi wuri biyu uku, baki a bushe, yana yawan fitsarin dare, ka tura shi gwaji ko da bai taɓa jin yana da suga ba.

Mataki na uku, yadda yake rayuwa

Da me yake goge baki, sau nawa, wane lokaci. Kar ka yamutsa fuska in ya ce asuwaki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da shi tun 1986, matsalar yawanci ita ce gaba kawai ake gogewa a bar ciki da turame. Gawayi da toka da gishiri su ne ke cinye wuyan haƙori. Sai taba: sigari nawa a rana, shisha, taba gari da ake dannawa a lebe, goro, fure da mata ke rina haƙori da shi. Matasa kuma akwai masu shan sirop da ƙwayoyi, wanda ke busar da yawu ya ruɓar da haƙora a jere, wannan sai ka tambaya ba kowa a ɗakin kuma ba da sigar tuhuma ba.

Zaƙi kuma kar ka ce "kana shan zaƙi?", ka ce ya lissafo maka jiya tun daga asuba. Nan za ka ji shayi kofi huɗu kowanne da suga cokali uku, lemun kwalba da rana, zoɓo, alawa a aljihu. Yawan lokutan da suga ke taɓa haƙori ya fi yawan sugan kansa ɓarna, wanda ke kurɓar shayi kaɗan-kaɗan duk yini ya fi wanda ya shanye lokaci ɗaya da abinci shiga haɗari. Ka kuma tambayi inda ya girma da ruwan da ya sha yana yaro, don haƙora masu ɗigon fari da ruwan ƙasa-ƙasa a duk baki na iya zama yawan filoraid a ruwan sha, kamar yadda aka sani a yankin Langtang a Filato da Tibiri a jihar Maraɗi. Wannan launin a cikin haƙorin yake, wanki ba ya fitar da shi, ka faɗa masa tun kafin ya biya kuɗi.

Mataki na huɗu, dubawa, daga waje zuwa ciki

Wanke hannu, safar hannu, takunkumi, tabarau. Ka kalli fuska ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, ka shafa ƙarƙashin muƙamuƙi da wuya ka ji ko akwai kaluluwa, ka sa yatsu gaban kunne ya buɗe ya rufe. Sannan ciki, kuma haƙora su ne na ƙarshe: leɓɓa, cikin kumatu, ganɗa, maƙogwaro, harshe. Ka kama harshen da gauz ka jawo ka duba gefe da gefe da ƙarƙashinsa, don nan ne kansar baki ta fi ɓuya. Duk gyambon da ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ko dunƙule mai tauri, takarda za ka rubuta zuwa likitan haƙori ko sashen tiyatar baki da fuska, ba maganin kuskure baki ba. Farin abu da ke gogewa ya bar ja a ƙasa kuma yana iya nuna suga ko raunin garkuwar jiki.

Yara ƙanana kuma, don Allah ku riƙe wannan. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, dasashi na jini yana wari mai ƙarfi, kumatu ya fara kumbura, wannan noma ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, wadda wasu ke kira ciwon iska. Cikin kwanaki take huda fuska, kuma in ba magani mafi yawan yaran ba sa rayuwa, alhali a matakin dasashin nan maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. Irin wannan yaron a ranar za a kai shi gaban likita, ba a ce a dawo jibi.

Mataki na biyar, furob

Ido kaɗai ba ya gane ciwon dasashi, musamman a mai shan sigari, don taba na rage jinin, sai ka ga dasashi fes alhali ƙashi ya tafi a ƙasa. Gwajin da ya fi sauri shi ne BPE, wato gwajin farko na lafiyar dasashi, da furob ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya mai ɗan ƙwallo na milimita 0.5 a baki da baƙin zane daga 3.5 zuwa 5.5. Ka raba baki gida shida, uku sama uku ƙasa, ka zagaya kowane haƙori a hankali, nauyin hannu giram 20 zuwa 25, wato in ka danna ƙarƙashin farcenka ya yi fari ba tare da ka ji zafi ba. A kowane gida lamba mafi girma kake rubutawa. 0 lafiya lau. 1 jini bayan furob. 2 akwai kalkulas, wato dattin da ya daskare ya yi tauri a haƙori, ko bakin ciko da ya fito yana tara datti. 3 baƙin zanen ya shiga rabi. 4 ya ɓace gaba ɗaya, ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ya wuce 5.5. Alamar tauraro (*) kuma in furob ya shiga tsakanin saiwoyin turmi. Wanda ya samu 4 ko a gida ɗaya ne sai an auna duk bakin wuri shida a kowane haƙori, a duba girgiɗi da janyewar dasashi, a ɗauki hoto a ga ƙashi. Mai 3 a fara masa aiki sannan a auna gidan dalla-dalla in ya dawo bayan wata uku.

Tsarin da aka amince da shi a taron Chicago na 2017 yana raba ciwon dasashi mai cin ƙashi zuwa mataki I zuwa IV bisa yawan ɓarnar, da daraja A, B, C bisa saurin tafiyarsa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne amsoshin da kuka tara a hira su ke ɗaga darajar: sigari 10 ko sama a rana, ko HbA1c (gwajin matsakaicin sugan jini na watannin baya) 7 cikin ɗari ko sama, suna kai mutum C, mafi saurin tafiya. Jini kuma in bai kai kashi 10 cikin ɗari na wuraren da ka taɓa ba ana ɗaukar dasashin lafiyayye, 10 zuwa 30 kumburi ne a wani sashe, sama da 30 ya game baki.

Daga nan sai haƙora, a busar da su a duba da haske, kogo, farin tabo a wuyan haƙori wanda shi ne farkon ruɓewa kuma yana iya komawa, tsohon ciko, haƙoran roba. In da maganin rina dauɗa ka shafa ka miƙa masa madubi, ganin jan nan da idonsa ya fi duk bayanin da za ka yi.

Mataki na shida, tsara kulawa

Yanzu ka haɗa komai ka tambayi kanka, me ke damun wannan mutumin, me ya jawo, me zai iya yi da hannunsa da aljihunsa. Bari in kawo misali biyu.

A ce Hajiya ce mai shekara 58, tana shan amlodipine, suga na hawa da sauka, tana da haƙorin Makka a sama, BPE ya nuna 3 da 4. In ka ɗaga leɓen za ka ga dasashin da ke kewaye da zinaren ya yi jajur ya kumbura, kana taɓa bakin hular zinaren da aka sa wa haƙorin da furob jini ya biyo, don hular ba ta zauna daidai ba, akwai ɗan tudu da abinci ke maƙalewa. Ba za ka buɗe baki ka ce a cire ba, haƙorin nan na da daraja a wurinta. Cewa za ka yi "Hajiya kun ga nan, nan ne dattin ke ɓuya, bari in nuna muku yadda za ku riƙa shiga da wannan ɗan buroshin," sannan ka haɗa ta da likitan haƙori ya duba zaman hular, ka rubuta wa mai duba sugarta. Wankin ƙarƙashin dasashi ka raba shi zama biyu ko fiye, da safe bayan ta karya, da allurar kashe zafi in da buƙata. Kuma tun kafin ka fara ka gaya mata gaskiya, bayan an cire kalkulas za ta ga 'yan ƙofofi tsakanin haƙora, za ta ji tsami da ruwan sanyi na ɗan lokaci, wani haƙorin ma zai ɗan yi motsi. In ba ka faɗa ba, ita ce za ta je gidan biki ta ce wankin haƙori ya lalata mata baki, alhali ciwon ne ya riga ya cinye wurin, dattin ne ya rufe.

Na biyu, matashi mai tuƙa adaidaita, shekara 24, BPE 1 da 2 kawai, amma wuyan fiƙoƙinsa ya zaizaye ya yi kwari saboda gawayi da buroshi mai tauri, ga fararen tabo, ga shayi duk tsayawa. Shi wankinsa zama ɗaya ne, aikin gaske yana wurin hira. Ka ce ya nuna maka yadda yake gogewa, za ka ga yana ja gaba da baya da ƙarfin tsiya. Ka kama hannunsa ka karkata buroshin zuwa bakin dasashi, motsi ƙanana, buroshi mai laushi, minti biyu, sau biyu a rana kuma na dare shi ne ba a fashi. Makilin mai filoraid ppm 1,000 zuwa 1,500 (ma'aunin yawan filoraid), ya duba bayan kwalin, ya tofar kawai kar ya kuskure da ruwa. A shafa masa banish na filoraid, maganin da ake shafawa ya manne a haƙori. Shayi kuma in ka ce ya daina ba zai daina ba, ku yi ciniki, ya mayar da shi lokacin cin abinci ya rage cokali ɗaya. Abu ɗaya ko biyu za ka ba mutum ya tafi da su, in ka jero goma babu wanda zai riƙe.

Mai asuwaki ka bar masa asuwakinsa ka koya masa kai shi ciki da baya, ya riƙa yanke bakin, ya ƙara makilin da dare. Tsohon da hannunsa ke rawa ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, a naɗa wa mariƙin buroshi tsumma ya yi kauri, a koya wa mai jinyarsa. Yaro ƙasa da shekara 3 ɗan shafe na makilin girman ƙwayar shinkafa, 3 zuwa 6 girman ƙwayar wake, uwa ce ke goge masa, kuma a tuna mata turmin da ke fitowa a shekara 6 na dindindin ne, ba ya famfara. Maganin kuskure baki na chlorhexidine na ɗan lokaci ne, sati ɗaya zuwa biyu, yana rina haƙori, a mai cin goro abin ya fi muni.

Ka faɗi kuɗin tun farko, ka faɗi zama nawa ne, ka nemi yardarsa. In matar aure ce ta ce sai ta shawarci maigida, ka rubuta mata bayanin a takarda da Hausa ta tafi da shi. In kuɗin bai kai ba ka jera aikin bisa gaggawa, ciwo da mugunya tukuna, sannan wurin da ramin ya fi zurfi, gogewar ƙyalli ita ce ƙarshe. Abin da ya wuce hurumin aikinka kuma ka tura.

Mataki na ƙarshe, rubutu da ranar dawowa

Ka rubuta komai a fayil kafin na gaba ya shigo: hawan jini, magunguna, lambobin BPE, abin da ka yi, abin da ka koya, abin da ya ƙi yarda da shi, da wurin da ka tura shi. Ranar dawowa ba wata shida ba ce ga kowa. Irin Hajiya a sake auna ramukan bayan kamar wata biyu zuwa uku da gama wanki, sannan ta riƙa zuwa duk wata uku. Matashin nan wata uku zuwa shida har sai fararen tabon sun tsaya. Babba mai lafiyayyen baki da ba ya shan taba zai iya kai shekara ɗaya ko ma biyu, yara kuma kar su wuce shekara. Ka karɓi lambar waya, ka ɗaura ranar da abin da ba a mantawa, bayan ƙaramar Sallah, kafin a koma makaranta, bayan girbi. In ya dawo kuma ka sake tambayar magunguna da hawan jini daga farko, don a wata uku ana iya canza wa mutum magani ko mace ta samu ciki.